Dillaliyar da ta raba ni da tarkacen sito

Tun 2011 da anka kawo ni ɗakina ko cokali ban taɓa fitarwa ba, komai sai in ce zai yi amfani wata rana, har sito ya cika ƙofa ta daina rufuwa. Sai da tashi ya kama mu daga Mabera zuwa Arkilla, gidan kuma ɗaki biyu da falo ne, sannan ido ya raina fata. Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wata dattijuwa dillaliya, ni dai Inna nake ce mata.

Ranar da ta zo ba ta fara da ciniki ba. Tabarma ta sa anka shimfiɗa a tsakar gida, ta ce a fiddo komai a rana a gani. Wallahi na ji kunya, robobi duk zafin Sakkwato ya gasa su kana taɓawa suna ruɓushewa, akwatin lefena gara ta ci gindinshi, takalma sun ɓare, ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru. Ta zauna tana warewa da hannunta, kuloli da samiru da tangaran gefe guda, atamfofi da lesuka gefe guda, matacciyar fanka da tsohon janareta ta ce waɗannan ba hurumina ba ne ki kira 'yan gwangwan su aza a sikeli, kuma ki tsaya kusa ki ga kilon da idonki. Tsoffin littattafan Islamiyyar yara da sunka yayyage ta ce kar su kusanci bola tunda akwai ayoyi a ciki, a ƙona a binne tokar.

Abin da ya sa na ƙara ganin girmanta shi ne kwallayen mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Na tura su cikin na sayarwa zuciyata na zafi, ta dube ni ta ce ɗiyata waɗannan ba ki shirya rabuwa da su ba, maida abinki. Alhali su ne za su fi kawo mata la'ada. Haka da na tara wasu koɗaɗɗun kaya na ce sadaka, ta ɗaga wata riga duk ta yage a hammata ta ce ke za ki iya sa wannan? Na yi shiru. Masu kyan ne munka ba almajiran unguwa da wata bazawara mai marayu, sauran sunka zama tsumman goge-goge.

To amma fa sai kina da haƙuri. Kuɗin ba a dunƙule suke zuwa ba, gida-gida take yawo da kayan, wasu bashi suke ɗauka sai ƙarshen wata ko sai sun kwashi adashi, yau ta kawo dubu 3 wani sati dubu 5, sai da munka yi kusan wata biyu kafin lissafi ya cika. Kuma ba ta rubutu, komai a ka yake, ni ce na samu littafi ina rubuta abin da ta ɗauka da kuɗin da munka tsayar, ki yi hakan tun ranar farko kuma ku yanke la'ada a gaban shaida. Farashi ma kar ki sa rai da yawa, leshin da na saya da tsada ko rabin kuɗinshi bai yi ba, kai da na ji tayin sai da gabana ya faɗi.

Da maigida ya ce a loda a keke napep a kai Tsohuwar Kasuwa a sayar lokaci guda, ni na ƙi, ba na son kayan aurena a baje kowa na ɗagawa. Inna har yau ba ta faɗa wa kowa kayan wace ce ba, ni ma ban tambayi wa ya saya ba. Katifa guda ce dai ta ƙi fita, ta maido min ita jiya da yamma.