Docker Desktop: sauƙinsa a Windows da Mac ne ke jawo tuntuɓe a Linux

Ga mai aiki a Windows ko Mac, Docker Desktop, manhajar da ke tafiyar da shirye-shirye a cikin kwantena (keɓaɓɓen akwati mai ɗauke da manhaja da duk abin da take buƙata), ya cancanci yabo, kuma ba zan yi masa rowa ba. Ka saka shi, ka bari ya haɗu da WSL 2 (Linux ɗin da ke gudana a cikin Windows), ka buga `docker compose up`, sai ga rumbun bayanai da Redis (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi) da manhajarka duk sun tashi tare. Wanda ya san wahalar saka rumbun bayanai na PostgreSQL kai tsaye a Windows, ya cire, ya sake sakawa don sigar ba ta dace da aikin ba, ya san irin hutun da ake samu. Kyauta ne ga ɗaiɗaikun mutane da ɗalibai da ƙananan kamfanoni. Tun 2021 kamfanin da ma'aikatansa suka haura 250, ko kuɗin shigarsa ya wuce dala miliyan 10 a shekara, sai ya biya.

Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne kuma nake jin haushinsa yanzu, wato sunan nan `host.docker.internal`.

A cikin kwantena, `localhost` kwantenar ce kanta, ba kwamfutarka ba. Idan manhajarka tana cikin kwantena, PostgreSQL kuma yana kan kwamfutar kai tsaye, ka rubuta `localhost:5432`, amsar da za ka samu ita ce `Connection refused`, domin a cikin kwantenar babu kowa a wannan ƙofar (port) ta 5432. Docker Desktop ya warware wannan da suna ɗaya. Ka musanya `localhost` da `host.docker.internal`, nan take komai ya haɗu, ba ka taɓa saitin PostgreSQL ko layi ɗaya ba. Dalili kuwa, a Windows da Mac kwantenoninka suna zaune ne a cikin wani ƙaramin Linux da Desktop ke gudanarwa a ɓoye. Idan kwantena ta nemi wancan sunan, wani sashe na Desktop da ke kan kwamfutarka shi ke karɓar saƙon ya kai, kamar ɗan aiken da ƴan gida suka sani. PostgreSQL sai ya ga kira daga 127.0.0.1 ya buɗe.

To ka ɗauki fayil ɗinka na Compose, wanda ke jera kwantenonin aikinka da saitunansu, ba ka canza komai ba, ka kai shi sabar Ubuntu. Nan babu Desktop, babu ɓoyayyen Linux, Docker Engine ne zaune kai tsaye a kan injin. Abu na farko, sunan ma babu shi: `could not translate host name`. Daga siga ta 20.10 akwai magani, ka ƙara `extra_hosts` da `host.docker.internal:host-gateway` a ƙarƙashin hidimar manhajarka a fayil ɗin. Yanzu sunan yana nuni ga 172.17.0.1, adireshin `docker0`, layin sadarwar Docker na asali a kan injin. Sai ka yi zaton an gama. Ba a gama ba. PostgreSQL daga asali `localhost` kaɗai yake saurare, kira ta 172.17.0.1 bai shafe shi ba, sai `Connection refused` ya dawo. Dole ka buɗe `postgresql.conf`, ka mai da `listen_addresses` zuwa `'localhost,172.17.0.1'`, ka kashe shi ka kunna gaba ɗaya, domin wannan saitin ba ya kamawa da `reload`.

Bayan wannan sai `no pg_hba.conf entry for host "172.18.0.3"`, wato fayil ɗin izinin shiga PostgreSQL bai san wannan adireshin ba. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ce ai sun ba 172.17.0.0/16 izini. Compose ba ya ɗora kwantenoninka a kan `docker0`, yana ƙirƙira wa kowane aiki nasa layin sadarwar, yawanci daga 172.18 zuwa sama, kuma lambar na iya canzawa idan ka yi `down` ka sake `up`. Ko dai ka kafe adireshin layin a fayil ɗin Compose, ko ka ba 172.16.0.0/12 izini a `pg_hba.conf`, amma ga rumbu ɗaya da mai amfani ɗaya, da `scram-sha-256`. Kada ka rubuta `all all trust` don ka huta. Idan kuma ufw, katangar tsaron Ubuntu, a kunne yake, ba ma za ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni biyu na ƙarshe ba. Shiru za ka ji, manhajar ta yi ta jira har lokaci ya ƙare. Wannan bambancin ya kamata mutum ya haddace: `refused` yana nufin saƙon ya isa amma babu mai saurare, shiru kuma yana nufin an jefar da shi a hanya, sai ka duba katangar tsaro ko hanyar da saƙon ya bi. Akwai ma wani tarkon na ƙarshe. Idan sabar ta sake tashi, PostgreSQL ya riga Docker farkawa, 172.17.0.1 bai wanzu ba tukuna. Zai yi gargaɗi a rajistarsa ya ci gaba da `localhost` kaɗai, manhajarka kuma ta rasa rumbunta da safe ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Sai ka gaya wa systemd, mai tayar da hidimomin Linux, ya tayar da PostgreSQL bayan `docker.service`.

Matakai huɗu ko biyar ke nan a Linux, a kan abin da Desktop ya yi maka da kalma ɗaya bai ce maka uffan ba. Ba na ƙin sauƙi. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne mai koyo yana fitowa daga Windows da yaƙinin cewa haka Docker yake a ko'ina. Shawarata, in babu wani dalili mai ƙarfi, ka sa PostgreSQL ɗin ma a kwantena cikin Compose ɗaya, ka kira shi da sunan hidimarsa, `db:5432`. Wannan yana aiki iri ɗaya a Windows da Mac da Linux. Ka haɗa da `healthcheck` mai `pg_isready` da `condition: service_healthy`, domin `depends_on` shi kaɗai yana jiran kwantena ta tashi ne, ba ya jiran rumbun ya shirya karɓar kira.

Sauran matsalolin sun fi sauƙi, sai dai saƙonninsu ba sa faɗin gaskiyar abin da ya faru. A Windows za ka iya ganin `An attempt was made to access a socket in a way forbidden by its access permissions` alhali babu manhajar da ke riƙe da ƙofar. Hyper-V, sashen Windows mai tafiyar da injunan kwaikwayo, shi ne ke keɓe wa kansa jerin ƙofofi. `netsh interface ipv4 show excludedportrange protocol=tcp` zai nuna maka su, `net stop winnat` sannan `net start winnat` da izinin admin yakan sake su. Haka nan `exec /entrypoint.sh: no such file or directory` alhali ga fayil ɗin kana kallonsa: Git na Windows ne ya mai da ƙarshen layuka CRLF, Linux kuma ya tafi neman `/bin/sh` mai ɓoyayyen harafi a wutsiya. Layi ɗaya a `.gitattributes`, `*.sh text eol=lf`, ya kashe maganar. A Mac, tun sigar macOS Monterey, AirPlay Receiver ya mamaye ƙofa ta 5000 da ta 7000, ga shi kuma 5000 ce Flask, kayan gina manhajar yanar gizo na Python, ke ɗauka. Ka kashe AirPlay Receiver a saituna ko ka koma `5001:5000`. Wanda ya gina imej (ƙunshin da ake tayar da kwantena daga gare shi) a Mac mai M1 ko na bayansa ya tura sabar Intel ko AMD, `exec format error` na jiransa, sai ya gina da `--platform linux/amd64`. Waɗannan ba zan ɗora wa Docker laifinsu ba, na Windows da Git da macOS ne. Haka ma wanda ya bar Flask ko Django suna saurare a 127.0.0.1 a cikin kwantena, buɗe ƙofa da `-p` ba zai cece shi ba sai ya sa `0.0.0.0`.

VPN na wurin aiki shi ma yana da nasa. Idan adiresoshin ofis suna cikin 172.17 ko 172.18, da zarar Docker ya ƙirƙiri layinsa a Linux, sabobin ofis sun ɓace maka, domin kwamfutar tana tura saƙonsu cikin kwantenoni. Ka sa `bip` da `default-address-pools` a `/etc/docker/daemon.json` da jerin da ofis ba ya amfani da shi, ka goge tsoffin layukan. In kuwa ƙananan saƙonni na wucewa amma HTTPS na maƙalewa, MTU ne, wato iyakar girman kowane ƙunshin saƙo: Docker na kan 1500, VPN na ƙasa da haka, ka gwada 1400.

Nauyin Docker Desktop ma abin faɗa ne. WSL 2 na iya cin rabin ram ɗinka, kuma a kwamfuta mai 8GB ana jin hakan da zarar ka buɗe burauza da edita. Ka ƙirƙiri `.wslconfig` ka sa `memory=3GB`, ka yi `wsl --shutdown`, amma kada ka matse da yawa, in ba haka ba kwantena za ta riƙa mutuwa da lamba 137. Ka kuma ajiye aikinka a cikin Linux ɗin WSL, ba a `/mnt/c` ba, saurin ba ɗaya ba ne ko kusa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ba Docker takwas cikin goma ba tare da tunani ba. Abin da ya rage masa maki a wurina shi ne yadda Docker ke yi da ufw. A kwamfutarka ka saba rubuta `5432:5432` don ka leƙa rumbun da manhajar DBeaver. Ka kai wannan layin sabar Ubuntu mai adireshin fili, ufw yana cewa 22 da 80 da 443 ne kawai a buɗe, amma rumbunka yana buɗe ga duk intanet. Docker yana rubuta nasa dokokin a teburin `nat` na iptables, tsarin tace saƙonni na Linux, yana karkatar da saƙon kafin ya iso inda ufw ke tantancewa. Takardun Docker sun faɗi haka ƙarara, amma mutum nawa ne ke karanta wannan shafin kafin ya ɗora aiki? `ufw status` ba zai nuna maka ba, `docker compose up` ma ba zai yi gargaɗi ba, kuma Redis marar kalmar sirri ko rumbu mai kalmar sirri `postgres` a fili ba ƙaramin haɗari ba ne. Abu mai wannan nauyin ya kamata a ce sai mutum ya nema da kansa kafin a buɗe masa.

Ka rubuta `127.0.0.1:5432:5432`, ko ka cire `ports` ɗin gaba ɗaya daga rumbun, tunda kwantenonin da ke layi ɗaya ba sa buƙatarsa don su ga juna. Sannan daga wata kwamfutar daban, wadda ba ta cikin sabar, ka buga `nc -vz` da adireshin sabar da 5432. In ta amsa, ƙofar tana buɗe har yanzu, ka koma ka duba `docker ps` ka ga wace kwantena ce ke nuna `0.0.0.0`.