Bikin dusar ƙanƙara na Sapporo ga wanda zai je shi kaɗai

A farkon watan Fabrairu na kowace shekara, birnin Sapporo da ke tsibirin Hokkaido a arewacin Japan yakan yi kimanin mako guda yana bikin da mutanen wurin ke kira Yuki Matsuri. A 1950 aka fara shi, lokacin da ɗaliban makarantun garin suka gina siffofi shida da dusar ƙanƙara a lambun Odori. Sojojin ƙasar sun shigo cikin aikin a 1955, abin ya tashi daga wasan yara ya koma gini sosai, har akan samu wanda tsayinsa ya kai mita 15. Mutum kusan miliyan biyu ke zuwa kallo, kuma ba a biyan ko sisi a shiga.

A ganinmu, samun bikin da ya dace da baƙo mai tafiya shi kaɗai kamar wannan sai an tona. Sai dai masu shirya shi sun ɗauke maka wahalar hanya da tsaro ne kawai. Masauki da abinci da abin da za ka taka ƙasa da shi, duk suna wuyanka, kuma a nan ne mutane ke shan wuya.

Hanya ba ta da matsala. Daga filin jirgin sama na Shin-Chitose, jirgin ƙasa mai sauri zai sauke ka a tashar Sapporo cikin kusan minti 40, a kan yen (kuɗin Japan) dubu ɗaya da ɗoriya. Daga tashar akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa mai suna Chi-Ka-Ho, wadda aka buɗe a 2011, tsawonta ya ɗan haura rabin kilomita, ta kai ka har Odori. Daga can wata hanyar mai cike da kantuna ta zarce zuwa unguwar Susukino. Ma'ana, manyan wuraren bikin guda biyu a haɗe suke ta ƙasa, inda akwai ɗumi da bandaki da wurin zama. Wanda ba shi da abokin da zai lura cewa leɓensa ya fara canza launi, wannan hanyar ce abokinsa: ya yi minti 30 ko 40 a waje, ya gangara ya ji ɗumi, sannan ya sake fitowa.

Odori ne zuciyar bikin, lambu ne dogo mai kimanin kilomita ɗaya da rabi. Ka gan shi sau biyu. Da safe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, za ka iya tsayawa ka duba aikin sassaƙar da kyau. Rana kan faɗi wajen ƙarfe 5, ana haska gine-ginen da fitilu har ƙarfe 10 na dare, kuma a lokacin ne cunkoso ke kaiwa maƙura. Mutum ɗaya ya fi ayari morewa a nan, domin yana iya ratsawa ta ƙaramar kafa ba tare da jiran kowa ba. A Susukino ƙanƙara ce tsantsa aka sassaƙa, garau kamar gilashi, sa'a ɗaya ta ishe ka. Wuri na uku, Tsudome, yana gefen gari kusa da tashar Sakaemachi, kuma wasan sulu ne na yara da iyalai. In kwananka biyu ne kacal, bar shi, ba ka yi asarar komai ba. Gara ka hau jirgi zuwa garin Otaru na bakin teku, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba.

Babban abin da ke ɓata wa baƙi tafiya shi ne santsi. Dubban ƙafafu na danne dusar, rana ta ɗan narkar da samanta, dare ya sake daskarar da ita, sai titi ya zama kamar an shafa masa mai. Inda ya fi muni shi ne mararrabar da masu ƙafa ke tsallaka titi, musamman kan farin fenti, saboda tayoyin mota sun goge wurin ya yi sumul. Maganinsa ana kiransa suberidome, wata roba ce mai 'yan ƙusoshi da ake ɗaura wa a tafin takalmi. Ana sayar da ita a kantunan tasha da ƙananan kantunan da ke kwana buɗe. Ka saya tun ranar farko, ka gwada ta a kan takalmin da za ka sa, don in ta yi maka yawa za ta zame ta faɗi ba ka sani ba. Aibinta ɗaya ne: a kan tayil ita kanta santsi take yi, dole ka cire in za ka shiga tasha ko kanti. A wasu mararrabu za ka ga akwatuna ɗauke da ƙullin tsakuwa, kyauta ne, an ajiye don a watsa inda ya yi sulɓi. Ka riƙa taku gajere, ka sauke tafin ƙafa gaba ɗaya, hannu kuma kada ya kasance cikin aljihu. Lambar motar asibiti 119 ce, ta 'yan sanda 110, ka rubuta su a takarda tare da adireshin masaukinka.

Sanyin kan sauka ƙasa da sifiri da digiri 5 zuwa 10 da dare. Wanda iyakar saninsa hunturun Kano ko Damagaram ya sani wannan wani abu ne daban. Riga uku masu sauƙin cirewa sun fi ƙatuwa guda ɗaya, domin cikin jirgi da kantuna zafi ake sakawa sosai. In ka yi gumi a ciki ka fita waje, jiƙaƙƙen auduga zai zuƙe maka ɗumin jiki. Sai kairo, 'yar jakar ɗumi mai garin ƙarfe a ciki. Da ka yage ledarta iska ta shiga, ƙarfen ya fara tsatsa, zafi ya taso. Mai mannewa takan yi kusan sa'a 12, kuma a bayan rigar ciki ake liƙa ta, ba a kan fata ba. Kada ka kwana da ita, tana ƙona fata a hankali ba tare da mutum ya ji ba. Ta cikin takalmi daban take, kuma in ka cire takalmin ta sha iska, zafinta kan wuce kima. Waya ma sanyi na kashe mata batir farat ɗaya, alhali ita ce taswirarka da tafintanka, don haka aljihun ciki ne wurinta, tare da abin caji na tafi-da-gidanka.

Masauki ne inda bikin ya fi ba mu haushi. Farashi kan yi tashin gwauron zabi a wannan makon, ɗakunan mutum ɗaya kuma su ne ke fara ƙarewa. Ka kama ɗaki wata biyar ko shida kafin lokaci, kusa da wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ko da ba a tsakiyar gari ba. Ka kuma bar kwana guda rara kafin jirginka na komawa gida, saboda dusa mai yawa takan tsayar da jiragen ƙasa da na sama.

Cin abinci kai kaɗai ba abin kunya ba ne a Japan, yawancin gidajen taliya ma kujeru ne a jere gaban mai dafawa. Amma Musulmi ya kula. Taliyar ramen mai miso (wata irin daddawar waken soya) da Sapporo ta yi suna a kanta, romonta yawanci na ƙashin alade ne, ko da ba ka ga nama a kwano ba. Gasasshen naman rago da suke kira jingisukan ba lallai yankan Musulmi ba ne, kuma miyar da ake tsoma shi takan ƙunshi giyar shinkafa. Mafi sauƙi shi ne kifi da kaguwa a kasuwar Nijo, da gasasshen dankali da masara. Akwai masallaci a arewacin tashar Sapporo, kusa da Jami'ar Hokkaido, can za ka samu masu nuna maka gidajen abinci na halal. Ka riƙe tsabar kuɗi, ba kowace rumfa ke karɓar kati ba.

Kwana uku sun isa. In da hali ka zo a farkon makon, lokacin da sassaƙar ke da kaifi ba ta sha rana da sabuwar dusa ba. Kada ka yi lissafin zuwa bayan an tashi don gudun cunkoso, domin da an rufe bikin ake kawo motocin rusau su baje gine-ginen, gudun kada su rufto wa mutane.