Gwajin ido ko gwajin fahimtar gani: ina za a kai yaro?

Iyaye a Jos suna yawan tambayata: yaro na rikita b da d, yana tsallake layi in yana kwafa daga allo, wane gwaji ya dace da shi?

Gwajin ido yana duba ko yaro na gani tangaran. Daga nisan mita 6 zai karanta allon Snellen, wato allo mai haruffa manya da ƙanana, a ga ko yana buƙatar tabarau. Ba ya cin lokaci, kuɗinsa da sauƙi, ana yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH).

Na biyun kuwa, wato gwajin fahimtar gani, aikin ƙwaƙwalwa yake bincika: bambance siffofi masu kama, tuna abin da ido ya gani, tsamo siffa ɗaya cikin cunkoso. Akwai irinsa da ake kira TVPS, na 'yan shekara 5 zuwa 21. Ya fi tsada, ƙwararrunsa kaɗan ne, amma sakamakonsa na nuna wa malami inda zai taimaka. Yana damuna yadda ake kiran irin waɗannan yara daƙiƙai, alhali ƙoƙari suke yi.

Mai ƙanƙance ido ko ciwon kai, a fara da asibitin ido. Wanda idonsa lafiya lau, ya wuce shekara 7 yana juya haruffa, na biyun ya fi masa.