Warfarin ko apixaban: wanne ya dace da Baba?

Malama, kin ce Baba shekararsa 68, yana da hawan jini da ciwon suga, an yi masa ECG an ce bugun zuciyarsa ya rikice, ciwon da likitoci ke kira AF. An ambata muku magungunan tsinka jini guda biyu, warfarin da apixaban, wani kuma a kemis ya ce asfirin ma ya wadatar. Allah Ya ba shi lafiya.

Mu fara cire asfirin daga lissafi. A wannan ciwo ɗakunan sama na zuciya karkarwa suke yi maimakon su matse, sai jini ya kwanta a wani ɗan aljihu na ɗakin hagu ya daskare. Ranar da gudan ya ɓalle, ƙwaƙwalwa ya nufa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. AF na ninka wannan haɗari kusan sau biyar. Warfarin na rage shi da kusan kashi biyu cikin uku, asfirin kuwa bai kama ƙafarsa ba, ga shi shi ma yana sa zubar jini. A ma'aunin haɗarin shanyewar jiki da likitoci ke bi Baba na da maki 3: shekaru, hawan jini, suga. Namiji daga maki 2 ake ba shi maganin tsinka jini.

Kafin a zo maganar kuɗi, a yi masa eko, hoton zuciya, a asibitin koyarwa irin Barau Dikko ko na Shika. Idan ƙofar zuciya ta mitral ta tsuke sosai, wanda a nan yawanci ragowar ciwon makogwaro ne na yarinta da ba a magance ba, ko kuma an taɓa sa masa ƙofar ƙarfe, to zaɓi ya ƙare: warfarin ne. Babban binciken INVICTUS na 2022 ya nuna masu AF da ragowar ciwon makogwaro ya lalata wa ƙofar zuciya sun fi rayuwa a kan warfarin fiye da rivaroxaban, ɗan'uwan apixaban. Muna nanata wannan domin ana yawan tsallake shi.

Idan eko ya fito lafiya, ga yadda magungunan biyu suke.

Warfarin ƙwayarsa araha ce, sau ɗaya a rana, amma yana da wuyar sha'ani. Ba shi da awo ɗaya ga kowa. Gwajin jini na INR ne ke nuna ko ya yi daidai, ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ƙasa da 2 jini na iya daskarewa, in ya haura 3 zubar jini ta matso. Da farko kusan duk mako ake gwaji, in ya daidaita a koma wata-wata. Sannan ga tukunya: zogale, alayyafo, kabeji da sauran ganye suna da bitamin K mai rage masa ƙarfi. Ba a ce Baba ya bar kwaɗon zogale ba. Abin da ke ɓata INR shi ne a ci ganye kullum da damina, rani ya zo a daina kwatsam. Magungunan kemis sun fi haɗari: Flagyl, Septrin da fluconazole suna harba INR sama cikin 'yan kwanaki, rifampicin na tarin fuka kuma yana kashe masa ƙarfi. A riƙa karanta lambar da ke jikin ƙwaya, 1 ko 3 ko 5, kada a dogara da launi.

Apixaban bai buƙatar INR, bai damu da miyar ganye ba, kuma zubar jini a ƙwaƙwalwa ta fi ƙaranci a kansa. Awonsa miligiram 5 safe da dare. Ana mayar da shi 2.5 idan biyu cikin ukun nan sun haɗu: shekara 80 zuwa sama, nauyin kilo 60 zuwa ƙasa, ko gwajin ƙoda na creatinine ya kai 133 µmol/L. Shi ya sa ake duba ƙoda kafin a fara, a sake aƙalla sau ɗaya a shekara, balle ga mai suga. Aibinsa tsada, da kuma saurin fita daga jiki. Warfarin in an manta kwana ɗaya da sauran tasirinsa. Apixaban kuwa kwana ɗaya zuwa biyu ba a sha ba, kariya ta tafi. Wanda ke raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ko ya sha yau ya huta gobe, yana biyan kuɗi ne a banza. Shi ma rifampicin na rage masa ƙarfi.

Ra'ayinmu: idan ƙofofin zuciyarsa lafiya suke, kuma ku 'ya'ya za ku iya sayen apixaban kowane wata ba yankewa, shi muka fi so wa Baba. Idan kun san aljihu zai gaza a wata na uku, gara warfarin da katin INR a hannu. Ku haɗa kuɗin gwaji da na keke zuwa asibiti a lissafin, domin wanda ke Rigasa ko Maraban Jos ya san zirga-zirgar nan ba kyauta ba ce.

Idan an haɗa masa da bisoprolol ko digoxin, aikinsu rage gudun zuciya ne, a riƙe shi ƙasa da 110 a minti yana zaune. Ba sa hana gudan jini. Ko ya ce ya daina jin faɗuwar gaba, kada ya ajiye maganin tsinka jini.

Kowanne aka ɗauka, ba ibuprofen, ba diclofenac, sai farasitamol. Ba ƙaho a wurin wanzami, ba jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, kuma a gaya wa mai cire haƙori tun kafin ya taɓa shi. Da azumi a koma wa likita ya tsara lokutan sha tsakanin sahur da buɗa-baki. Idan kun ga bayan gida baƙi kamar kwalta, fitsari ja, haɓon da ya wuce minti goma bai tsaya ba, ya faɗi ya bugu a ka, ko baki ya karkace magana ta sarƙe, ku wuce asibiti nan take ko da tsakar dare ne, da kwalin maganin a hannu, ku faɗa musu ƙarfe nawa ya sha na ƙarshe.