Rana ɗaya a Tucson: gandun Saguaro ko Dutsen Lemmon?

Malam, ka ce za ka je taro a Jami'ar Arizona da ke Tucson a Amurka, an bar muku rana guda babu zama, akwai motar haya a hannunka, kuma ka rasa inda za ka nufa tsakanin gandun Saguaro da Dutsen Lemmon. Ba ka faɗi watan tafiyar ba, alhali a nan gizo ke saƙar.

Gandun Saguaro gida biyu ne, ɗaya gabas ɗaya yamma, birnin na tsakiyarsu. Na gabas yana da titin kewaye mai kwalta, kilomita 13, ga mai son kallo daga cikin mota. Ni dai na yamma nake ba ka shawara, wajen rabin awa daga jami'ar, domin a can itatuwan suka fi cinkoso. Saguaro ƙaton tsiro ne mai ƙaya, ba ganye ko ɗaya, yana kai tsayin mita 12, kuma a hamadar Sonora kaɗai yake fitowa. Girmansa na hawainiya ne: sai ya haura shekara 50 kafin ya fitar da reshen farko, wasu kuma suna kai shekara 150 zuwa sama. Ka tsaya a gindin guda, za ka ga an huda jikinsa da ramuka. Tsuntsu mai sassaƙar itace ne ya haƙa, idan ya tashi ƙananan mujiyoyi su gaje ɗakin. Akwai ɗan tudun Signal Hill, tafiyar 'yan mintuna, inda mutanen Hohokam, mazauna yankin na dā, suka bar zane a jikin duwatsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Dab da gandun kuma ga gidan adana halittun hamada da aka buɗe a 1952, wanda shi kaɗai zai iya cinye maka safiya. Da yamma ka biyo ta Gates Pass ka ga faɗuwar rana.

Matsalarsa ɗaya: babu inuwa. A watan Yuni zafi kan haura digiri 40. Na san za ka ce ɗan Sakkwato ba a ba shi labarin rana, to amma a gida ba ka hawan tudu da tsakar rana kana nesa da randa. Daga Mayu zuwa Satumba, in za ka taka da ƙafa, ka fita bayan asuba ka dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Kada ka sa hannu a ƙarƙashin dutse saboda macizai, kuma ka yi nesa da ƙayar cholla, wani tsiron hamadar, wadda da ka goge ta take maƙale maka a wando.

Dutsen Lemmon wani abu ne daban. Tsayinsa kusan mita 2,790, titin da ke hawansa kilomita 40 da 'yan kai, kwana a kan kwana, tuƙin awa ɗaya. Za ka fara cikin saguaro, ka ratsa ciyayi da manyan duwatsu, ka ƙare a dajin dogayen itatuwa masu ƙamshi, inda zafi ya ragu da digiri 10 zuwa 15. Ka tsaya a Windy Point, birnin duka na ƙarƙashinka. A can sama akwai ƙauyen Summerhaven, har da wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara, da hunturu kuma akan rufe titin idan dusar ta sauka. Babu gidan mai a kan dutsen, ka cika tanki tun daga gari. Daga Yuli zuwa Satumba kuma hadari kan haɗu da yamma, da tsawa, don haka ka sauko da wuri, kuma kada ka tsunduma mota cikin kwarin da ruwa ke gudu.

To, idan tafiyarka ta faɗo tsakanin Nuwamba da Maris, je Saguaro ta yamma ba tare da wani dogon tunani ba. Dajin sanyi za ka same shi a wurare da yawa, wannan itacen kuwa sai nan. Idan lokacin zafi ne, Lemmon, tunda a gindin titin ma za ka wuce ta cikin saguaro, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Batun ciki, duk inda ka zaɓa ka tafi da guzuri da ruwa mai yawa, ka bar cin abinci sosai sai ka dawo gari. Tucson ce birni na farko a Amurka da UNESCO ta karrama kan abinci, a 2015. Sai dai ka buɗe ido: shahararren burodi da tsiren nan nasu na Sonora da naman alade ake naɗe shi, kuma gidajen abincin Meksiko da yawa da kitsen alade suke dafa wake da waina ta fulawa. Ka tambaya kafin a zuba maka. A gidan abincin El Charro, wanda ke nan tun 1922, suna shanya naman sa a saman rufi, ɗan'uwan kilishi ne sak, sai dai su sukan daddage shi su soya da tumatir da albasa. Idan yankan halal kake so, masallacin Tucson na gefen jami'ar, ka tambayi jama'a bayan salla za su nuna maka inda suke ci.