'Yan situdiyo ko makaɗan gargajiya: wa ya fi dacewa da kiɗan fank a Katsina?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kana kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, kana da waƙoƙin da ka tsara da kanka, kana so ka kafa ƙungiya mai kiɗa irin na fank a nan Katsina, amma ka rasa wajen da za ka nemi abokan tafiya: samarin situdiyo masu fiyano da kwamfuta, ko makaɗan kalangu da ganga. Wasu sun ce maka ka tattara ka koma Kano ko Abuja. Ni ban ga dalili ba. Mutanen suna nan garin, sai dai kowane ɓangare akwai abin da zai ba ka, akwai kuma inda zai wahalar da kai.

Fank dai a kan bugu aka gina shi, zaƙin murya daga baya yake zuwa. James Brown, wanda ya fito da shi a Amurka a shekarun 1960, ya ɗora nauyin kiɗan a kan bugun farko na kowane zagaye: kowa ya yi yawonsa, amma dole a haɗu a nan. Jita kanta aikin ganga take yi, kuma ana iya daɗewa a kan sauti guda ba a canza ba. Saboda haka wanda kake nema shi ne mai iya riƙe ɗan gajeren kiɗa ya yi ta nanata shi minti goma, bai yi sauri ba, bai ja baya ba, bai ƙara ado don a san yana wurin ba.

A wannan fanni makaɗin gargajiya ya yi wa ɗan situdiyo nisa. Yaron da ya tashi a gidan kiɗa, yana riƙe kuntuku a bayan manya tun bai kai ya rataya kalangu ba, horon da ya sha ke nan: ka tsaya a kan naka, ka saurari na kusa da kai, kada ka shiga gaban mai waƙa. Ka tuna yadda makaɗan marigayi Mamman Shata suke yi masa shimfiɗa, kalangu na tafiya ba tangarɗa yana zuba baitoci a kai, 'yan amshi na karɓa. Wannan juriyar ita fank ke so. Ga shi kalangu yana magana, ana matse tsarkiyarsa a hammata sautin ya hau ko ya sauka, don haka zai iya yin zance da bes ɗinka. Kuma yawancin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, irin waɗanda mai bes a fank ya fi yawo a kansu, to ba za ku yi baƙunta da juna sosai ba.

Ɗan situdiyo kuwa ya saba kwamfuta ce ke riƙe masa lokaci. Ya kaɗa layi biyu, ya kwafa, ya jera, in an sami kuskure a goge a sake. Da yawansu hannunsu na da kyau ƙwarai, amma ka sa mutum ya yi minti biyar a tsaye tare da mai ganga, sai ka ji ya fara gudu. Abin da yake da shi wanda makaɗin kalangu ba shi da shi kuma ba ƙarami ba ne: ya san haɗa sautuka, ya san inda waƙa za ta juya, ya san ɗaukar murya da tace ta, ya san yadda ake ɗora waƙa a YouTube da Audiomack. In ka kawo mai kukuma ko gurmi, shi zai zauna ya daidaita tsirkiyar da fiyano kafin a fara. Ba shi, waƙoƙinka a ɗakin atisaye za su tsaya.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne maganar abinci, don a nan ƙungiyoyi ke watsewa. Makaɗin gargajiya kiɗa sana'arsa ce, sau da yawa ma gadonsa ne. Yana da ubangida, yana da bukukuwan da aka kama shi tun wata guda, ya saba a tashi daga fili a raba abin da aka liƙa. In ka ce ya zo atisaye sau uku a mako ba ko kuɗin mashin, don wata waƙa da ba a san ranar da za ta kawo kuɗi ba, ka zalunce shi, kuma ranar da biki ya haɗu da atisayenka bikin zai tafi. Ka je ta hannun ubangidansa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi abin da za ka iya biya. Kada kuma ka bari samarin da ke tare da kai su riƙa yi masa kallon maroƙi. Raini ɗaya ya isa ya ɗauke kalangunsa. Ɗan situdiyo zai fi saurin yarda ya yi maka don sha'awa, amma shi ma da kakar siyasa ta kama, ko aka turo masa waƙar amarya da ango da kuɗi a hannu, sai ka neme shi ka rasa.

Manya ma ba su tsira ba. A watan Maris na 1970 makaɗan James Brown suka juya masa baya a kan kuɗi, sai da ya ɗauko wasu samari daga birnin Cincinnati na Amurka, cikinsu har da Bootsy Collins mai bes yana ɗan shekara 18, da su ya zo Legas a ƙarshen shekarar. Ƙungiyar mawaƙin Najeriya Fela Kuti ta Africa 70 ma bayan wasan Barlin na 1978 ta tarwatse a kan kuɗi, har Tony Allen, mai gangar da aka gina Afrobeat, salon kiɗan Fela, a kan hannunsa, ya kama gabansa.

Akwai wasu mutane da ba ka ambata ba. Mai kaɗa jerin gangunan zamani, a garin nan a coci-coci da bariki aka fi samunsa, sai kuma cikin ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman Katsina. Masu busa kuma ka nemi tsofaffin 'yan badujala. Ɗalibi dai ka sani hutu zai ɗauke maka shi.

Da ni ne, da mai ganga zan fara, kuma daga gidan kiɗa zan ɗauko shi. Ku biyu kawai, bes da kalangu, ku yi wata biyu kuna zama har bugunku ya zama ɗaya. Sannan ka kawo mai fiyano ko jita daga situdiyo, mutum guda, ka gwada shi da kiɗa ɗaya tak na minti goma, ka ɗauka a waya ku saurara tare. Wanda ya ji inda ya yi gudu ya ce a sake, riƙe shi ko da hannunsa bai kai na wani ba. Wanda ya ce laifin mai kalangu ne, ku rabu lafiya. Kafin a ɗauki waƙar farko kuma, ku zauna gaban wani babba da kowa ke jin nauyinsa, a rubuta sunan wanda ya tsara kowace waƙa, da kason kowa in an yi wasa, da wanda zai riƙa sayen man janareta ranar atisaye.