Gargaɗi ga matasan Kaduna: kada ku biya kuɗin ƙuri'ar bot a Steemit da Hive

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna, musamman ƙannenmu da suka gaji da danna waya a Hamster Kombat da zaman jiran Pi, suka koma neman na kansu ta hanyar rubutu. Akwai wata harka da ake ta tallatawa a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, daga Tudun Wada zuwa Rigasa har Kawo. Wai ka buɗe asusu a Steemit ko Hive, wato dandalan intanet da ke biyan masu rubutu da kuɗin kirifto, ka ɗora rubutu ko hoto, sai ka tura wa wani ejan kuɗi ya sa bot ya jefa maka ƙuri'a mai nauyi, bayan mako guda ka kwashi ninkin abin da ka zuba. Don Allah kada ku ba kowa ko sisi a kan wannan. Ko bot ɗin na gaskiya ne lissafin ba ya fita, balle wasu daga cikin masu tallar nan ba su da bot ko ɗaya, waya ce kawai gare su da daɗin baki.

Steemit dai ba ƙarya ba ne, kuma da wannan gaskiyar ake yi wa mutane tarko. Ned Scott da Dan Larimer ne suka kafa shi a 2016. Kullum tsarin yana ƙirƙiro sababbin kuɗin STEEM, ya ware wani kaso domin masu rubutu, ƙuri'un jama'a kuma su ne ke yanke wa zai samu nawa. Sai dai ƙuri'a ba ɗaya ba ce. Nauyinta yana bin yawan jarin da mai ita ya kulle a asusunsa, wanda ake kira Steem Power. Ta mai babban jari tana iya kai daloli masu yawa, ta sabon shiga kuwa ko kwabo ba ta motsawa. Rubutu yana zama kwana 7 yana tara ƙuri'a kafin a biya. Hive ya ɓalle ne daga Steem a watan Maris na 2020, bayan Justin Sun, mai tsarin kirifto na Tron, ya sayi kamfanin Steemit, kuma kusan tsarin rabon iri ɗaya ne.

Shi bot ɗin ba wani abin mamaki ba ne. Asusu ne mai tarin jari, galibi ma aro ne daga wasu masu kuɗi da ake biya haya, aka ɗaura masa manhajar da ke jefa ƙuri'a da kanta. Cikakkiyar ƙuri'a ɗaya tana cin kashi 2 cikin 100 na ƙarfin asusun, ƙarfin kuma yana dawowa da kashi 20 a yini, shi ya sa irin waɗannan bot ɗin suka saba buɗe zagaye duk bayan awa 2 da minti 24, sau goma a rana. A cikin zagayen kowa ya tura kuɗinsa, a ƙarshe a yanka ƙuri'ar guda ɗaya a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba. Ku lura da nan sosai: lokacin da kake biya ba ka san nawa za ka samu ba. Idan wani ya shigo saura minti ɗaya a rufe ya zuba mai yawa, rabonka ya tsuke, kuɗinka kuma sun riga sun tafi. Duk ejan da ya ce maka riba tabbas ce, ko dai bai san yadda abin ke aiki ba, ko ya sani ya ɓoye maka.

Yanzu mu zo kan lambar nan da ke ruɗar mutane, wadda ake gani a ƙasan rubutu. Mu ɗauka ka biya dala 10, bot ya zo, lamba ta nuna dala 16. Zuciya ta yi fari, ka ce ka ci ribar shida. To, ba duka naka ba ne. Tun daga sauyin da aka yi wa tsarin a watan Agusta na 2019, rabin ladan kowane rubutu na masu ƙuri'a ne, rabi na marubuci. A da marubuci yana ɗaukar kashi 75, yanzu 50 ne. Ke nan daga 16 ɗin nan 8 ce taka, ka riga ka yi asarar dala 2 tun kafin ka motsa. Sauran 8 ɗin wa za ta je? Mai bot ɗin, tunda shi ne ya jefa ƙuri'ar. Ya karɓi goma daga hannunka, ya dawo ya karɓi ladan ƙuri'ar da ka biya shi ya jefa. Ci biyu yake yi a kanka a zaune.

Ita ma takwas ɗin ba a hannu za a danƙa maka ba. Yawanci rabinta yana zuwa ne a kulle a matsayin jari, kuma kwance shi yana ɗaukar mako 4 a Steem, mako 13 a Hive, kashi-kashi. A tsawon wannan lokacin farashi ba ya jiranka. A watan Janairu na 2018 STEEM ya kai wajen dala 8, kafin shekarar ta ƙare ya faɗo ƙasa da rabin dala, har kamfanin ya sallami kusan kashi 70 na ma'aikatansa a watan Nuwamba. Bayan nan sai ka nemi kasuwar da za ka canza shi zuwa USDT, kuɗin kirifto mai bin farashin dala, ka nemi wanda zai saya ya ba ka naira, kowa da ɗan abin da zai gutsura. Tun da kasuwar kirifto ta Binance ta daina hulɗa da naira a 2024 ma hanyar ta ƙara tsawo.

Akwai kuma ƙuri'ar ragi. A wancan sauyin na 2019 aka ba kowane asusu damar jefa ƙuri'ar rage lada ba tare da ta ci masa ƙarfin ƙuri'arsa ta yabo ba, kuma masu manyan jari suka yi amfani da ita a kan rubuce-rubucen da aka saya wa ƙuri'a. Wannan ne ya karya kasuwar bot ɗin da ta yi tashe a 2017 da 2018. A Hive har yau ba a ɗaga wa mai sayen ƙuri'a ƙafa. Komai a fili yake, kowa yana iya ganin ka tura kuɗi kuma ƙuri'a ta biyo baya. Kana iya kwana da dala 16, ka wayi gari da sifiri, kuma mai bot ba zai mayar maka da komai ba, zai ce shi ya cika aikinsa. Wato sana'ar da aka yi yayinta aka gama shekaru da suka wuce, ita aka kwaso aka wanke aka kawo mana a matsayin sabuwar dama.

Duk wannan idan ka yi sa'ar haɗuwa da bot na gaske ke nan. Abin da ke faruwa a unguwanninmu ya fi haka muni.

Wani yaron maƙwabtanmu, mai koyon gyaran waya, ya tare ni da yamma yana murna. "Yaya, duba ka ga," ya miƙo mini wayarsa mai fasasshen gilashi. Hoton allo ne da ejan ɗin ya tura a guruf: wani rubutu da lamba mai tsoka a ƙasansa, a gefe kuma hoton alat na banki. Na ce masa, "Ƙanena, sunan wa ke kan asusun nan?" Ya ƙura ido, an goge wurin da jan layi. Na ce ya nemi ejan ya ba shi sunan asusun bot ɗin kawai, mu duba da kanmu. Ya tura saƙo a gabana. Amsar da ta zo ita ce, "Malam, sirrin kamfani ne, in ba ka shirya ba ka ba wasu wuri, saura gurbi uku." Yaron ya yi shiru, don kuɗin da yake shirin turawa na adashen mahaifiyarsa ne da ta ba shi ya ƙaro kayan aiki.

Babu wani sirri a wannan harkar. Bulokcen ɗin Steem da na Hive, wato kundin da ke adana duk wata hada-hada, a buɗe suke, duk wanda ya san sunan asusu yana iya ganin jarinsa, da kuɗin da suka shiga, da waɗanda suka fita, da kowace ƙuri'ar da ya jefa, ba tare da ya biya ko ya yi rajista ba. Wanda ya hana ka sunan asusu, amma ya ba ka lambar asusun banki ko ta wani mai POS ka tura naira, ba ƙuri'a yake sayarwa ba.

Wasu kuma dabararsu daban ce. Ba sa neman kuɗi da farko, sai su ce ka kawo makullanka su haɗa ka da bot, ko su turo maka wata mahaɗa da ta yi kama da ta asali ka shigar da su. Asusun nan yana da makullai hawa-hawa. Wanda aka rubuta Posting a kansa na ɗora rubutu ne da jefa ƙuri'a. Mai suna Active shi ke fitar da kuɗi. Owner da babbar kalmar sirri kuwa su ne mallakar asusun gaba ɗaya. Domin wani ya jefa wa rubutunka ƙuri'a ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, kamar yadda mai danna maka so a Facebook ba ya neman kalmar sirrinka. Idan suka samu Active za su share abin da ke ciki, su kunna kwance jarin yana zuba musu mako-mako. Kuma a bulokcen babu manajan da za ka je wa kuka ya dawo da kuɗin da suka fita.

Sai kashi na uku, masu cewa ka sayi matsayi, na azurfa ko na zinare, ka kawo mutum biyu a ƙara maka kaso. Da zarar an zo nan maganar rubutu ta ƙare, kuɗin na baya ake ba na gaba. Mun ga MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, mun ga CBEX a watan Afrilu na 2025. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai jawo ka ba baƙo ba ne. Abokin karatunka ne, ko ɗan majalisarku ta bakin titi, wanda shi ma aka ba shi ɗan abu a farko ya gaskata, ya shiga jawo 'yan uwansa da zuciya ɗaya. In abin ya rushe, ejan ya kashe waya ya rufe guruf, shi za a bari da mutanen unguwa. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, don haka mai tallata shi ma ya san ba a tudun mun tsira yake ba.

Ni a ganina, ko da a ce ana cin riba, akwai abin dubawa. Ƙuri'a a wurin nan shaida ce cewa wani ya karanta ya ga amfanin abin. In ka saye ta, ka yi abin da ake yi a kara, inda ake dasa mutum ya riƙa taya saniya da tsada ba don zai saya ba, sai don a ruɗi na gefe. Wannan shi ne najashu, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana shi. Kuɗin da ƙuri'ar sayen ta jawo maka daga asusun rabo ɗaya suke fitowa, abin da ya ƙaru gare ka ya ragu ne daga wata baiwar Allah da ta zauna ta rubuta abu mai amfani ba ta da kuɗin saye. Mai son hukunci ya kai wa malamansa bayanin yadda abin yake dalla-dalla, ba yadda ejan ya tsara shi ba.

Wanda yake son rubutu a waɗannan wuraren, ya yi, buɗe asusu ba sai ta hannun ejan ba. Amma ya shiga da sanin cewa abin da sabon shiga ke samu kaɗan ne, sau da yawa bai kai kuɗin datar da ya ƙona ba, kuma mai karatu na gaske ana samunsa ne a hankali.

Idan kuwa ka riga ka ba da makulli, kada ka jira gobe. Ka shiga ka sauya babbar kalmar sirri yanzu, wannan zai kashe duk tsofaffin makullan, sannan ka duba walat ɗinka ko an kunna kwance jari ka tsayar da shi, ka cire duk wani izinin da ba ka gane ba. In sun riga ka sauyawa, akwai hanyar ƙwato asusu, amma tana aiki ne cikin kwana 30 kacal, kuma sai kana riƙe da tsohon makullin Owner ko tsohuwar kalmar sirri. In naira ka tura, ka adana rasit da hirarku da lambar asusun da ka tura wa kafin su goge, ka sanar da bankinka a ranar, ka kai ƙorafi ofishin EFCC na shiyyar Kaduna ko wurin 'yan sanda. Ku da aka cuta a guruf ɗaya ku haɗu ku je tare, kowa da shaidarsa a hannu.